Ko Ka Sani? Babur Mai Ƙafa Huɗu na Aikin Gona da Abin da Mai Sayensa Karon Farko Zai Auna

Babur mai ƙafa huɗu, wanda Amurkawa ke taƙaita sunansa da haruffan ATV, abin hawa ne da ya tsaya tsakanin babur da tarakta, domin ana hawansa kamar yadda ake hawan doki, ana juya shi da kai irin na babur, amma yana tafiya a kan tayoyi huɗu masu faɗi da taushi waɗanda aka ƙera domin laka da yashi da duwatsu. Iri biyu ne manya: akwai na wasa da tsere, marar nauyi, wanda ba a yi masa wurin ɗora kaya ba, akwai kuma na aiki, mai kariyar ɗora kaya gaba da baya da ƙugiyar jan tirela, wanda makiyayan tumaki a tsaunukan Birtaniya da Niyuzilan, da masu garken shanu a Ostareliya da Amurka, suka mai da shi jakinsu na yau da kullum, suna zagaya shinge da shi, suna kai wa dabbobi abinci, suna ɗora masa tankin feshi. Wanda ya je sayen irin wannan a karo na farko yakan tarar da shi tsaye daram a shagon dillali ba tare da an jingina shi da komai ba, sai ya ɗauka cewa abin da ke da ƙafa huɗu ba ya faɗuwa, alhali kuwa siffofin da suka ba shi ikon shiga inda mota ba ta shiga su ne dai suke sa shi kifewa.

Da ƙafa uku abin ya fara. A ƙarshen shekarun 1960 dillalan kamfanin Honda a Amurka suka nemi abin da za su riƙa sayarwa a lokacin hunturu, sa'ad da dusar ƙanƙara ke kashe kasuwar babura, sai wani injiniyan kamfanin mai suna Osamu Takeuchi ya fito da US90, wanda ya shiga kasuwa a 1970 a kan dala 595, ba shi da shokozoba ko ɗaya, tayoyinsa kumburarru su ne ke shanye gargadar hanya. Abin nishaɗi aka ɗauke shi da farko, har manoma suka lura cewa yana kai su ƙarshen gona da ɗan mai kaɗan idan aka kwatanta da tarakta, sannan kamfanin ya fito da Big Red mai kariyar kaya a 1982. A wannan shekarar ce kuma Suzuki ya fitar da QuadRunner LT125 mai ƙafa huɗu, a 1986 Honda ya kawo FourTrax wanda injinsa ke juya dukkan tayoyin huɗu. Mai ƙafa uku bai yi ƙarko ba, saboda raunuka da mace-mace sun yi yawa, musamman tsakanin yara, har a 1988 masu ƙera shi suka ƙulla yarjejeniya da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka cewa za su daina sayar da sabbinsa, su liƙa gargaɗi a jikin masu ƙafa huɗu, su kuma horar da masu saye kyauta. Wata doka ta 2008 ta mai da haramcin ya zama na doka.

Sirrin wannan babur yana cikin tayarsa. A ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska 30 zuwa 35, tayar wannan kuwa galibi 4 zuwa 7 ce kawai, don haka takan baje a ƙasa kamar tafin raƙumi, ta rarraba nauyi a wuri mai faɗi, ba ta nutsewa a taɓo, ba ta kuma danne ƙasar gona yadda tayar tarakta ke yi. Sai dai taya mai taushi tana lanƙwashewa idan nauyi ya koma gefe ɗaya, kuma a kanta aka ɗora na'ura mai nauyin kilo 250 zuwa 400, wadda faɗinta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, aka ɗaga cikinta sama domin kada ta taɓa dutse ko kututture, sannan mutum ya hau can ƙololuwa ya zauna. Duk abin da yake da tsawo, ba shi da faɗi, nauyinsa kuma yana sama, ƙaramin karkata ya ishe shi ya tuntsura, kamar yadda duk wanda ya taɓa ganin Keke Napep ya shiga kwana da gudu ya sani.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin kujera wanda ido ba ya gani. A mota akwai haɗakar haƙoran ƙarfe tsakanin tayoyi biyu wadda ke barin tayar waje ta fi ta ciki saurin juyawa a kwana, tunda ta waje ce ke cin doguwar hanya. Yawancin baburan nan ba su da ita a baya, tayoyin biyu a ɗaure suke, tare suke juyawa, abin da ke ba su ƙarfin fita daga laka ko da taya ɗaya ta rasa abin kamawa. A kan ƙasa wannan ba ya cutarwa, domin tayar ciki takan ɗan zame ta ba da hanya, amma a kan kwalta tayoyin biyu suna kama ƙasa gam, sai babur ya ƙi juyawa ko ya ɗaga ƙafa ɗaya. Saboda haka ne masu ƙera shi da kansu suke rubuta a jikinsa cewa kada a hau shi a kan kwalta, kuma fiye da rabin mace-macen da ake samu da shi a Amurka a kan tituna suke aukuwa. Wanda ke neman abin da zai kai shi gona ya kuma shiga gari da shi, ba wannan ba ne abin sayensa.

Ƙasar da ta fi ɗaukar maganar kifewa da gaske ita ce Ostareliya, inda babur mai ƙafa huɗu ya daɗe cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gonaki, kuma da yawa daga cikin mamatan ba gudu suke yi ba, suna tafiya ne a hankali a gefen tudu, babur ya juye ya danne musu ƙirji a inda babu wanda zai ɗaga shi, numfashi ya gagara. Dokar da ƙasar ta kafa a 2019 ta wajabta, daga 11 ga Oktoba 2020, a rataya wa kowane sabon babur kati mai nuna iyakar karkatar da yake jurewa kafin tayoyinsa biyu su bar ƙasa, ana kuma gano wannan ne ta hanyar ɗora shi a kan wani dandamali da ake ɗaga gefensa sannu a hankali. Daga 11 ga Oktoba 2021 aka ƙara cewa na aiki dole ya jure kusan digiri 29 ta gefe da kusan digiri 39 ta gaba ko baya, a kuma girka masa sandar ƙarfe a bayan kujera, wadda idan ya kife za ta tokare shi daga ƙasa ta bar wa mahayi wurin rarrafowa. Honda da Yamaha da Polaris sun ƙi yarda da sandar, suna cewa ita ma tana iya raunata mahayi, suka zaɓi daina sayar da irin waɗannan babura a ƙasar. Ko wane ɓangare ne ya fi gaskiya game da sandar, katin nan abu ne mai kyau ƙwarai, domin ya sa a gaban mai saye adadi guda da ya shafi ransa kai tsaye, a kasuwar da ta saba tallata ƙarfin inji kawai.

Ƙarfin injin kuwa shi ne abin da sabon mai saye ya fi ruɗuwa da shi. Ana auna girman inji da sisi, wato girman ramin da fistin ke kai-komo a cikinsa, kuma na aiki galibi suna kamawa daga wajen 400 har zuwa 1,000. Aikin gona na yau da kullum bai cika bukatar abin da ya wuce 400 zuwa 700 ba, domin abin da ya haura haka ƙarin nauyi ne da ƙarin gudu da ƙarin shan mai a hannun wanda bai riga ya ƙware ba. Adadin da ya fi cancantar a karanta shi ne wanda aka rubuta a jikin kariya. Honda Rancher mai sisi 420 an yarje masa kilo 30 a gaba, kilo 60 a baya, ya kuma ja tirela mai nauyin kusan kilo 385, Yamaha Grizzly mai sisi 686 kuwa kilo 50 a gaba, kilo 90 a baya, ya ja kilo 600. Ma'anar wannan ita ce buhu biyu na taki, kowanne kilo 50, sun wuce ƙarfin kariyar baya ta duka biyun, duk da cewa injin zai ja su ba tare da ya nuna gajiya ba, abin da zai faru kawai shi ne gaban babur ya yi sakayau, ya ɗaga sama a hawa na farko. Tankin feshi ya fi buhu haɗari, saboda lita 100 ta ruwa kilo 100 ce, kuma ruwa ba ya zama wuri ɗaya, idan babur ya karkata sai dukansa ya kwarara gefen gangare ya ƙara masa karkata a daidai lokacin da ake bukatar akasin haka.

Wajen giya hanya biyu ce. Yawancin kamfanoni suna amfani da bel na roba mai kauri da ke gudana tsakanin faya-fayai biyu masu buɗewa da tsukewa da kansu, don haka mahayi ba ya canza giya, sai dai ya zaɓi babba ko ƙarama, kuma wanda ya ja kaya mai nauyi a hankali da babbar giya zai ƙona bel ɗin cikin ɗan lokaci. Honda ya tsaya a kan giyar haƙoran ƙarfe, wadda ba ta da bel ɗin da zai zame idan ruwa ya shiga. A ƙafafun baya ma akwai zaɓi: sanda guda miƙaƙƙiya mai haɗa tayoyin biyu ta fi sauƙin gyara, ba ta kuma durƙushewa a ƙarƙashin nauyin tirela, yayin da wanda kowace taya ke da nata shokozoba ya fi daɗin zama a kan duwatsu, cikinsa kuma ya fi nisa da ƙasa. Wanda zai yini a kai ya kamata ya biya kuɗin na'urar lantarki mai sauƙaƙa juya kai, saboda tana rage gajiyar kafaɗa, tana kuma shanye fizgar da kan babur ke yi idan taya ta bugi kututture.

Kujerar tana da tsawo, kuma tsawon nan ne ke jawo masifa mafi ban tausayi, domin mutane suna ɗauka wurin goyo ne. An tsawaita ta ne saboda mahayi ya riƙa matsawa gaba a hawa, ya ja baya a gangara, ya jingina gefen tudu idan yana ratsa shi a kaikaice, wato jikin mutum wani ɓangare ne na abin da ke daidaita na'urar, kuma fasinja yana toshe wannan motsi ya ƙara nauyi a baya. Yaro ba shi da nauyin da zai rinjayi kilo 300, don haka ake rubuta shekara 16 a jikin na manya, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta ba da shawarar kada wanda bai kai wannan shekaru ba ya tuƙa ko wane iri. Iyalin da ya san cewa mutum biyu za su riƙa hawa, ko kayan da za a ɗauka sun fi ƙarfin kariya, gara ya duba ɗan'uwansa mai kujeru gefe da gefe, irin Kawasaki Mule da ya fito a 1988 ko John Deere Gator na 1992, wanda ke da sitiyari da akwatin kaya, na yanzu kuma suna da kejin ƙarfe da bel ɗin ɗaure jiki. Ya fi tsada, ya fi faɗi, ba ya bin 'yar siririyar hanya, kejin kuma ba ya amfanar wanda bai ɗaura bel ba.

Farashin da ke manne a jikin babur ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba, domin dillalai a Amurka sukan ƙara kuɗin jigila da na haɗawa, sannan ga hular kwano, ga tirelar da za a ɗauke shi da ita tunda jihohi da yawa ba su yarda ya hau titi ba. Horo kuwa kyauta ne ga mai sayen sabo daga manyan kamfanoni a can, a Ayalan kuma tun 20 ga Nuwamba 2023 horo da hular kwano wajibi ne ga duk mai aiki da shi. Kusancin dillali mai kayan gyara ya fi sunan kamfani muhimmanci, musamman ga wanda zai shigo da shi yankin da makanikai ba su saba da shi ba, inda bel guda da ya tsinke zai iya ajiye shi wata da watanni, ƙurar hunturu kuma ta wajabta a riƙa wanke soson da ke tace iska a shafa masa mai akai-akai. Shekarun irin wannan inji da awa ake ƙirga su fiye da kilomita, saboda yakan yini yana aiki a hankali bai yi nisa ba, kuma sabis na farko yana zuwa ne bayan kusan awa 20, lokacin da ake zubar da baƙin man da ya kwashi ɓurɓushin ƙarfen sabon inji. A cikin 'yar jakar kayan aikin da ke zuwa da shi akan sami ƙaramin ma'aunin iska na musamman, domin ma'aunin mota ba ya karanta iska 5 daidai, bambanci kaɗan kuwa tsakanin tayar dama da ta hagu ya isa ya riƙa jan babur gefe ɗaya, don haka ake auna tayoyin huɗu da safe, suna sanyi, kafin a tayar da inji.