Adar: Ƙasar da mata suka tare zaizaya da duwatsu a ka

A ƙasashen sanyi na arewacin Turai, kamar Nowe da Aisilan, mutane kan biya maƙudan kuɗi su hau jirgin ruwa su zaga tsibiri, su sauka su hau dutse don nishaɗi kawai. A Adar ta Jamhuriyar Nijar ma akwai dutsen hawa da ruwan shiga, sai dai a nan neman abinci ne ke kai mutum.

Ɗan kasuwar da ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Illela ya tsallaka Birnin Ƙonni, zai ratsa Galmi ya isa Madawa, daga nan in ya yi arewa zuwa Buza da Keita sai ƙasa ta sauya masa. Tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, da tsakuwa mai cin takalmi, a tsakaninsu kuma kwaruruka masu albarka irin kwarin Majiya. Ƙarofane na cikin gundumar Buza, kuma a ranar kasuwa za ka ga mata da jakuna suna gangarowa daga ƙauyukan kan tudu tun da sassafe, kafin rana ta gasa duwatsun.

Idan mai karatu bai sani ba, farin shekarun 1973 da 1984 ya kusa tashin wannan yanki. Itatuwa suka mutu, iska ta riƙa kwashe ƙasar noma, ruwan sama kuma in ya sauka sai ya gangaro da ƙarfi yana yanka gonaki. A 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogonyaro a kwarin Majiya domin kare iska. A 1984 kuma aka buɗe aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO. To, a lokacin maza da dama sun tafi cin rani Najeriya da Kwadebuwa, don haka mata ne suka yi mafi yawan aikin. Su suka hau tuddan, suka ɗauko duwatsu a ka, suka jera su shinge-shinge, suka haƙa ramukan tare ruwa, ladansu kuwa abinci ne daga hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba kasafai ake tuna su ba idan ana yabon aikin.

Mai son shiga kwale-kwale sai ya wuce Tawa ya kama hanyar Agadas zuwa tafkin Tabalak, wanda aka sanya cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Masunta na kamo tarwaɗa da karfasa, mata na yin banda suna sayarwa, a gefe kuma ga lambuna. Babbar barazanar tafkin ita ce yashin da ruwa ke kwasowa daga tuddai yana cike shi, wato duk shingen dutsen da ya rushe a sama, mai sayar da kifi a ƙasa ce za ta ji a jikinta.

Ga masu sarin albasa kuwa, farashi kan faɗi a lokacin cira, wajen watan Maris da Afrilu, ya tashi idan damina ta yi nisa. Shi ya sa manoman da ke da hali ke ɓoye tasu a rudu. Wanda zai shiga ƙauyukan kwari da mota ya je kafin ruwa ya sauka, domin ƙorama kan tare hanya yini guda.