Lambunan Birnin Alƙahira: Inda Iyali Ke Zuwa Shan Iska

Idan aka ambaci Alƙahira, babban birnin ƙasar Masar, abin da kan fara faɗo miki a rai shi ne Jami'ar Azhar, inda 'ya'yanmu da ƙannenmu da dama suke karatu, ko dalar Fir'auna, ko kuma asibitocin da jama'armu ke zuwa neman lafiya. Yau kuwa lambunan birnin za mu leƙa.

Alƙahira da kewayenta na ɗauke da mutane sama da miliyan 20, ga shi birni ne da hamada ta sa a tsakiya, ruwan sama kuma ba kasafai yake sauka ba. Yawancin iyalai a gidajen bene suke zaune, ba tsakar gida, ba inuwar itaciya. Ki ƙaddara ke ce uwar 'ya'ya biyar a hawa na shida, yara sun dawo daga makaranta, babu inda za su yi tsalle sai kan kujera ko kan titi cikin motoci. Ga irin wannan uwa, lambun gari buƙata ce ta yau da kullum, kusan kamar famfo da asibiti.

Tsofaffin lambunan birnin yawanci sun samo asali ne daga zamanin Khidiwi Isma'il, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, mutumin da ya yi burin mayar da birninsa kamar Faris ta ƙasar Faransa. A 1872 aka kammala tsara lambun Azbakiyya a tsakiyar gari, a wurin da da can tafki ne. Har yau ana sanin unguwar da kasuwar tsofaffin littattafai, wadda ɗalibai ke tururuwa cikinta. A 1875 aka kafa lambun Orman a Giza, kusa da inda Jami'ar Alƙahira take yanzu, aka tara masa itatuwa da furanni daga ƙasashe daban-daban. Maƙwabcinsa, wato gidan namun daji na Giza, an buɗe shi a 1891, yana kuma cikin mafiya daɗewa a nahiyar Afirka. A 2023 aka rufe waɗannan biyun domin yi musu gagarumin gyara. A tsibirin Zamalik da ke tsakiyar kogin Nilu kuma akwai lambun Andalus, wanda aka ƙawata da tayil da maɓuɓɓugan ruwa irin na ginin Musulmin Andalus.

Amma wanda ya fi cancantar mu daɗe a kansa shi ne lambun Azhar. Wurin da yake a yau, a Darrasa, juji ne da aka shafe kimanin shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzan gini, har ya zama tsauni. A bayansa unguwar Darbul Ahmar take, unguwar talakawa mai cike da tsofaffin masallatai. A 1984 ne marigayi Aga Khan na huɗu ya bayyana cewa zai gina wa birnin lambu kyauta, aka duba, aka zaɓi wannan juji mai faɗin hekta 30.

Aikin bai zo da sauƙi ba. An kwashe tarkace cikin manyan motoci har sawu kusan 80,000. Ƙasar wurin gishiri ya yi mata yawa, sai da aka kawo wata ƙasar aka shimfiɗa, aka kuma buɗe wuraren rainon tsirrai domin a gwada irin waɗanda za su iya rayuwa. Akwai manyan tankunan ruwan sha guda uku na birnin da aka gina a filin, su ma aka rufe su aka yi shuka a kansu. Ana cikin haƙa sai ga ganuwar zamanin Salahuddin Al-Ayyubi, ta ƙarni na 12, ta bayyana, tsawonta kusan kilomita ɗaya da rabi, bayan ta daɗe a binne cikin shara. Aka gyara ta, aka koya wa matasan unguwar aikin sassaƙar dutse da kafinta, aka gyara gidaje da masallatai, aka kuma ba masu ƙananan sana'o'i rance. An kashe kimanin dala miliyan 30, aka buɗe lambun a 2005.

In kika shiga, za ki ga hanya doguwa da itatuwa masu kama da dabino a jere dama da hagu, ruwa na gudu cikin 'yan magudanan dutse, bisa tsarin lambunan Musulmi na da. Akwai tafki, da filin wasan yara, da wuraren cin abinci. Daga kan tudu kina hangen gidan sarautar Salahuddin da masallacin Muhammad Ali, da hasumiyoyin tsohon gari. Ranar Juma'a da yamma da ranakun sallah, iyalai kan cika wurin da tabarmi da kwanukan abinci.

Sai dai kuma, 'yar'uwa, akwai abin dubawa. Kuɗi ake biya a shiga lambun Azhar, duk da cewa an yi wa maƙwabtansa rangwame, kuma mai 'ya'ya da yawa ya san nauyin tikiti. Ita kuwa Azbakiyya, tituna da gine-gine sun ci babban kasonta. A 2019 da 2020 an sare itatuwa masu yawa a unguwar Misral Jadida domin faɗaɗa hanyoyi da gina gadoji, mazauna wurin suka yi ta kuka. Ashe lambun da aka shekara 20 ana fafutukar samarwa, irinsa na iya ɓacewa cikin 'yan makonni idan ba mai tsaya masa.

Don haka idan Allah Ya kai ki Alƙahira, ko jinya ko ziyarar ɗa, ki ware yammaci ɗaya ki kai yara lambun Azhar. Ki tafi bayan la'asar rana ta yi sanyi, ki riƙe ruwan sha, ki kuma sa yaran su kwashe sharar da suka yi da hannunsu. In kin dawo gida, ki dubi filin da yaran unguwarku ke ƙwallo a kai, ki yi wa maigida magana su tuntuɓi mai unguwa a san matsayinsa tun kafin a wayi gari a ga an yanka shi shaguna. Ki kuma dasa ko da darbejiya ɗaya a ƙofar gida, ki ba wani cikin yaranki amanar yi mata ban ruwa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.