Karkarwar Hannun Baba: Gaskiya da Ƙarya Kan Ciwon Parkinson

Idan hannun dattijo ya fara karkarwa, kafin a kai ga likita an riga an yanke hukunci a tsakar gida. Wannan ya ce tsufa ne, wancan ya ce jifa aka yi masa, wata ta ce iska ce ta buge shi. A haka ake cin shekaru ana yawon neman magani, alhali mai yiwuwa ciwon Parkinson ne, wanda wani likitan Landan, James Parkinson, ya bayyana kamanninsa tun 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da shi sun haura miliyan 8.5 a 2019.

Zancen jifa ba shi da tushe. Ciwon daga ƙwaƙwalwa yake: ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin, mai daidaita motsin jiki, su ne ke mutuwa sannu a hankali. Ba a kuma ɗaukarsa ta numfashi ko yawu ko cin abinci tare, don haka ware wa tsoho kwano da kofi cutar da shi ne kawai. Masu cewa tsufa ne sun taɓo gaskiya kaɗan, domin ya fi kama waɗanda suka haura sittin. Amma yawancin tsofaffi har su koma ga Allah bai taɓa su ba, kuma ɗan damben nan Muhammad Ali yana da shekara 42 aka gano yana da shi a 1984. Ya rayu da shi har 2016.

Wasu na cewa ciwon Turawa ne. A 2023 aka wallafa wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa, wanda ya gano wani sauyi a ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin ciwon a tsakanin 'yan Najeriya da sauran masu asalin Afirka. Duk da haka, gado shi ne dalili a wajen 'yan kaɗan kawai. Yawan mu'amala da wasu magungunan feshin gona, irin su paraquat, shi ma an alaƙanta shi da ciwon.

Ba kowace karkarwa ce Parkinson ba. Tasa takan fara ta gefe ɗaya, lokacin da hannu ke ajiye a cinya, babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi, ta kuma lafa idan mai ciwon ya miƙa hannu zai ɗauki abu. Wasu ma ba sa karkarwa ko kaɗan, sai sandarewar jiki da nawa.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce, “Da gangan yake yi.” Za ka ga Baba da safe ya ɗaura alwala da kansa, da la'asar kuma ya kasa ɗaga ƙafa a bakin ƙofa, sai a ce taurin kai ne ko neman a tausaya masa. Haka ciwon yake. Ƙarfin magani na hawa yana sauka a jiki, ƙafa kuma takan kafe ba da sonsa ba. Fuskarsa ta daina nuna fara'a ne don naman fuskar ya sandare, muryarsa ta yi ƙasa, amsarsa na jinkiri, amma yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Idan ya kafe, kada a ja shi da hannu, faɗuwa zai yi. A tsaya gefensa a ƙirga masa, “Baba, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu,” ko a ja layi a ƙasa a ce ya tsallake. Sau da yawa ƙafar takan saku.

“Ba shi da magani” rabin gaskiya ce. Babu mai warkar da shi, amma tun shekarun 1960 ake amfani da levodopa, wanda ke maido wa mutum tafiya da cin abinci da hannunsa na tsawon shekaru. Sharaɗinsa kiyaye lokaci. Nama, wake, ƙwai da nono na iya rage shigarsa jiki, shi ya sa likitoci kan ce a sha kamar rabin awa kafin abinci. Dakatar da shi farat ɗaya don an ga sauƙi, ko don kuɗi sun yanke, haɗari ne babba. Kafin azumi a nemi shawarar likita. Kada kuma a sayo masa maganin amai a kemis kai tsaye, domin irin su metoclopramide na dagula ciwon.

Gaskiya ne 'ya'yan karara, tsiron nan mai ƙaiƙayi, na ɗauke da levodopa. Sai dai yawansa ya bambanta daga iri zuwa iri, kuma haɗa shi da na asibiti ba da sanin likita ba na iya jawo amai, jiri da ruɗewa.

Akwai kuma masu cewa a bar shi ya kwanta ya huta. Kwanciya ƙara sandarar da shi take yi. Ya riƙa takawa zuwa masallaci ko ƙofar gida da ɗan rakiya, a ɗauke tabarmar da ke naɗewa a hanyarsa, a bar fitila a kunne tsakanin ɗakinsa da bayi. Bushewar ciki da baƙin ciki duk cikin ciwon suke, a gaya wa likita. Wajen cin abinci a zaunar da shi sosai, loma ƙanana, ba gaggawa. Idan ya fara yawan ƙwarewa da ruwa ko kunu, a kai shi asibiti da wuri, domin abin da ya zame cikin huhu yakan zama ciwon huhu mai tsanani.