Kaurin gilashin ido da aikin leza: me ya haɗa su?

Duk watan Maris, idan makon gulokoma ya zagayo, sai a ji likitoci na maganar leza da awon kaurin ido.

Gulokoma, wadda ake kira hawan jinin ido, ruwan cikin ido ne ke kasa fita, ya matse jijiyar gani har ta mutu a hankali, galibi ba zafi. Leza haske ne da ake harbawa a magudanar ruwan don ta buɗe, cikin 'yan mintuna, ba yanka. A gwajin da aka yi a Moshi ta Tanzaniya, aka buga a 2021, leza ta fi maganin ɗigawa na timolol aiki.

Gilashin ido shi ne tantanin nan garau da ke rufe baƙin ido, kaurinsa ya ɗan haura rabin milimita. Shi na'urar awon matsin ruwan ido ke dannawa. Idan siriri ne, kamar yadda yake ga 'yan Afirka da yawa, sai awon ya nuna ƙasa da gaskiya. Nan haɗarin yake: bayan leza a ga lamba ta sauka, a saki jiki, alhali jijiya na ci gaba da lalacewa. Abin da ya fi nuna ko leza za ta yi amfani shi ne yawan matsin kafin aiki.

Ga manomin Funtuwa ko Malumfashi da kuɗin magani ke yanke masa da damina, leza sauƙi ce babba, sai dai ƙarfinta na raguwa da shekaru. Wanda ya haura 40, musamman mai gadon ciwon, idan ya je Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ya nemi a auna kaurin tare da duba jijiyar.