*ALLURAR CUTAR AMILOIDOSIS A GIDA: YADDA ZA KA YI TA BA TARE DA KA CUTAR DA KANKA BA*



Darasinmu na yau a kan wata cuta ne da ba kasafai ake jin sunanta ba, wato amiloidosis, da kuma allurar da likita kan rubuta wa mai ita ya riƙa yi wa kansa a gida. Ko ba kai ke fama ba, ka karanta, domin wani nau'inta gado ne, yana bin jini.

*MENE NE WANNAN CUTA?*

Hantar mutum tana sarrafa wani furotin da likitoci ke kira TTR. Aikinsa shi ne dakon bitamin A da sinadarin maƙoshi a cikin jini. Idan an samu tangarɗa a ƙwayar halittar da ke tsara shi, sai ya lalace, ya dunƙule, ya riƙa taruwa a jijiyoyi da zuciya kamar yadda datti ke toshe kwata. Daga nan sai ƙafa da hannu su fara mutuwa ko zafi kamar ana soka allura, jiri in an miƙe, gudawa ko taurin ciki, rama, haki da kumburin ƙafa.

Wani likita ɗan Fotugal, Corino de Andrade, shi ya fara bayyana nau'in da ke kama jijiyoyi a 1952. Akwai kuma wani nau'i mai suna V142I wanda asalinsa Afirka ta Yamma ne. Kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka suna ɗauke da shi, kuma ya fi taɓa zuciya bayan shekara 60. Idan uba ko uwa na da ƙwayar, kowane ɗa yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 ya gada, amma ba duk wanda ya gada ne ke kwanciya ciwo ba.

*YAYA MAGANIN YAKE AIKI?*

Allurar Wainua, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a Disambar 2023, an yi ta ne don manya masu nau'in gado da ya taɓa jijiyoyi. Tana rage yawan furotin ɗin da hanta ke fitarwa. Ana yin miligiram 45 sau ɗaya a wata, a ƙarƙashin fata, da wata na'ura mai kama da biro. Akwai wata da ta riga ta, Tegsedi, ta mako-mako, wadda dole a riƙa gwajin jini da ƙoda saboda tana iya rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Kowace da ƙa'idarta, kar a haɗa su.

*AJIYA*

1. A firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a cikin kwalinta.
2. Kar ka saka ta a firiza. In ta daskare, ta lalace.
3. Wainua tana iya zama a waje har mako 6, muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Ka lura, a watannin bazara ɗakunanmu suna wuce haka nesa ba kusa ba. In wuta ta ɗauke, sai ka nemi kula mai ƙanƙara, amma kar maganin ya taɓa ƙanƙarar.
4. A nesanta ta da yara.

*RANAR YIN ALLURA*

1. Kar ka fara da kanka sai likita ko nas sun nuna maka da hannu.
2. Fito da ita ta yi minti 30 ta huce da kanta. Ban da ruwan zafi, ban da rana, ban da kusa da murhu.
3. Duba ranar lalacewa. Duba ruwan ciki: garau yake, ko fari tas ko ruwan ɗorawa kaɗan. In ya yi duhu-duhu, ko ka ga ɓurɓushi, kar ka yi.
4. Wanke hannu da sabulu.
5. Zaɓi ciki ko gaban cinya. A ciki, ka bar tazarar santimita 5 daga cibiya. Bayan dantse kuwa, sai dai wani ya yi maka.
6. Guji inda ke da tabo, ƙurji, ja, tauri ko sabon tsagar ƙaho. Kuma ka riƙa sauya wuri kowane wata.
7. Goge da auduga mai sifirit, ka bari ya bushe.
8. Cire murfi, ka yi bismillah, ka dafa biron a tsaye cak a kan fata, ka danne har daƙiƙa 10. Duba 'yar tagar da ke jikinsa ka tabbatar maganin ya shige duka.
9. In jini ya ɗan fito, dafa da auduga. Kar ka murza.
10. Biro ɗaya, amfani ɗaya. Jefa shi a mazubi mai tauri da murfi, ka mayar asibiti. Kar a zuba a bola inda yara ke tsince-tsince.

In ka manta ranar, ka yi da zarar ka tuna, sannan ka ƙirga wata guda daga wannan sabuwar ranar. Kar ka yi biyu don ramuwa.

*MAGANAR BITAMIN A*

Tunda an rage mai dakonsa, bitamin A na jini zai sauka. Shi ya sa likita ke haɗa maka da ƙwayar bitamin A ta kullum. Sha daidai yadda aka rubuta. Kar ka ƙara da kanka wai don gwaji ya nuna ya yi ƙasa, yawansa ma guba ne. In ka fara dundumi, wato rashin gani da daddare, ko idonka yana bushewa, je wurin likitan ido. Uwargida, in kina da juna biyu ko kina neman haihuwa, ki sanar da likita tun kafin a fara, domin yawa ko ƙarancin wannan bitamin duk na iya shafar jariri.

*AZUMI DA MAGANIN GIDA*

Mafi yawan malaman zamani suna ganin allurar magani wadda ba ta abinci ba ba ta karya azumi. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka yi ta bayan buɗa baki a ranar da ta dace, kar dai ka ɗaga ta sai bayan Sallah.

Zuma, habbatus sauda da man zaitun suna da amfaninsu, amma ba sa hana hanta fitar da wannan furotin. Jijiyar da ta lalace da wuya ta dawo, don haka daina allura don gwada wani abu hasara ce. Duk abin da kake sha, faɗa wa likitanka.

*GARZAYA ASIBITI IDAN:*

• fuska, leɓe ko harshe sun kumbura
• numfashi yana sarƙewa
• amai ya ƙi tsayawa
• mai Tegsedi ya ga jini a hanci, dasashi ko fitsari

Idan an tabbatar da cutar a gidanku, ku tambayi likita batun gwajin 'yan uwa na jini.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ku tura wa wasu su amfana.