Nok: Ƙauye Ne ko Babban Birnin Daula?

Tun da Jamus ta fara mayar wa Nijeriya da kayan tagulla na Benin a shekarar 2022, ake ta kiraye-kirayen a dawo da sassaƙen Nok su ma, kuma a cikin wannan muhawara ne wata tsohuwar fahimta ta sake ɗago kai, wato cewa Nok ya taɓa zama babban birnin wata daula. Binciken ƙasa bai nuna haka ba. Nok ƙaramin ƙauye ne a gindin duwatsu, kusa da Kwoi a ƙaramar hukumar Jaba ta Kudancin Kaduna, cikin ƙasar mutanen Ham, waɗanda aka fi sani a yau da noman citta.

Abin da ya fito da sunansa shi ne kuza. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan sassaƙe na gasasshen yumɓu a wurin, sannan a 1943 aka kawo wa Baturen nan Bernard Fagg wani kai daga Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya ɗora a kan mutum-mutumi don korar dabbobi daga gonar doya. Fagg ya lura da kamannin da ke tsakaninsu, sai ya bi al'adar masana kimiyyar tono tarihi ta laƙaba wa wayewa sunan wurin da aka fara ganin kayanta. Alamar waɗannan kawuna ita ce idanu masu kusurwa uku da huda a tsakiya, ga kitso iri-iri da aka fitar dalla-dalla, cikinsu kuwa rami ne kamar na tulu.

Matsalar kayan farko ita ce a cikin tsakuwar rafi aka same su, inda ruwa ya gangaro da su tare da kuza, tamkar tarkacen da ambaliya ta jibge a gindin gada, wanda ba mai iya cewa daga gidan wane kowace tukunya ta fito. Sai da masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka fara aiki a 2005 aka tono wurare da dama da ruwa bai taɓa ba, aka auna shekarun gawayi da ƙonannen hatsin da ke ciki. Sakamakon ya kai farkon wannan wayewa zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma nuna ƙananan matsugunai na manoman gero a warwatse cikin yanki mai faɗi, ba fada ba ganuwa. Murhunan narka ƙarfe na wannan wayewa da suka yi suna ma a Taruga suke, can wajen Abuja. Ƙasar yankin mai tsami ce, ta cinye ƙasusuwa, shi ya sa danganta waɗancan mutane da wata ƙabila ta yau hasashe ne kawai.

Ɓarna mafi muni ta faru ne a shekarun 1990, lokacin da dillalai suka riƙa biyan mutanen karkara su tona daji, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗari a shekarar 2000. Mai tonon sata kai yake nema, don haka yakan watsar da gawayi da sakaina, alhali su ne ke faɗin shekaru. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haramta tono ba izini, amma jami'ai sun fi ɗaga murya kan kayan Nok da ke Paris fiye da ramukan da ake buɗewa a dazukan Kaduna.