Kifi Da Mai Ciwon Ƙoda: A Ci Ko A Bari?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san gadar Wudil da ƙamshin soyayyen kifinta. A Lajawa da sauran ƙauyukan ƙaramar hukumar Wudil, kifi ba baƙo ba ne a tukunya: ga tarwaɗa, ga karfasa, ga busasshe na miyar kuka. Shi ya sa idan likita ya ce ƙodar mutum ta raunana, iyali sukan tambaya: to, kifi fa?

'Yan'uwa cikin Kristi, ba a hana mai ciwon ƙoda kifi ba. Abin lura uku ne: yawansa, gishirinsa, da ƙayarsa.

Na farko, yawa. Kifi abinci ne mai gina jiki, kuma ƙoda ce ke fitar da dattin da irin wannan abinci ke bari a jini. Wanda bai fara wankin ƙoda ba, likitoci kan ƙayyade masa kimanin giram 0.8 na sinadarin gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan giram 48. Yankan kifi kamar tafin hannu yana ɗauke da wajen giram 20, saura kuma zai fito daga wake, nono da hatsi. Amma wanda ake wa wankin ƙoda yana bukatar fiye da haka, gama na'urar tana ɗebe wani abu daga ciki. Kada a ɗora wa wani ma'aunin wani.

Na biyu, gishiri. Kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin dunƙule, kanwa da kifin gwangwani. Gishiri yana ta da hawan jini, ya kumbura ƙafafu, ya ƙara wa ƙoda wahala.

Na uku, ƙaya. Ƙananan busassun kifi da muke dakawa har da ƙashinsu suna cike da sinadarin fosfaras. Ƙoda mai rauni ba ta iya fitar da shi. Ya taru, sai ƙaiƙayin jiki da raunin ƙashi.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a shekarar 2002, ana kuma wanki a can. Amma wanki sau 2 ko 3 a mako ya sha cinye gona da dabbobin gida. Kula da tukunya yana taimakawa wajen jinkirta wannan rana.

Saboda haka muna kira ga Zumuntar Mata: in za mu kai wa marar lafiya farfesu, mu sayi ɗanyen kifi, mu cire ƙaya, mu dafa da albasa, citta da tafarnuwa, mu janye hannu daga gishiri. Mu tambayi abin da likitansa ya ce kafin mu ɗora tukunya. Addu'a da bin shawarar likita ba sa faɗa da juna.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.